Guntayen dashen tumatir ɗin da ƙishi bai kayar ba

Har yanzu in na tuna yadda na kusa watsar da dashen nan sai gabana ya faɗi. Na yi musu feshin yunikonazol, maganin rage tsayin tsiro, suna da ganyen gaske (wanda ke biyo bayan ganyen tsira) biyu zuwa huɗu, na bar layi ɗaya ban taɓa ba don in gwada. Nan da nan wanda ban fesa ba ya yi sama, ya yi kyan gani. Waɗanda na fesa kuwa suka dunƙule, gaɓoɓinsu a matse, ganyen ya yi kore shar har yana neman baƙi. Duk wanda ya leƙo sai ya ce na ƙone su.

Aikin maganin ke nan ashe. Yana tare hanyar da tsiro ke yin jibaralin, sinadarin da ke miƙa kara. Tsayi ya ragu, kara ya yi kauri, ganye bai yi faɗi ba, ga saiwa da yawa in ka auna da ɗan jikin da take shayarwa.

Bayan dashe injin ban ruwa ya lalace, rana kuma ba ta ɗaga ƙafa ba. Dogayen nan da ake yabo, kafin azahar sun langaɓe sun kwanta, da yawa ba su sake tashi ba. Guntayen sun ɗan yi yaushi da tsakar rana, da yamma suka miƙe abinsu. Na tuge ɗaya, saiwa fara tas ta cika dunƙulen ƙasar har tana nannaɗewa. Wallahi na daɗe ina juya shi a hannu. Waɗannan ne fa na kusa zubarwa!

Amma kada wani ya ji wannan ya cika hannu. A Amurka, inda aka amince da Sumagic, wato yunikonazol da sunansa na kasuwa, a kan dashen tumatir da tattasai da yalo, ƙa'idar miligiram 2 zuwa 10 ce ta yunikonazol a kowace lita, kuma jimlar duk feshin kada ta haura 10. Ni daga ƙasa na fara, kuma ko gobe haka zan yi. Maganin ta kara da saiwa yake shiga, don haka duk abin da ya ɗiga cikin ƙasar bedi ƙari ne a kan abin da ka auna, kuma yana daɗewa a cikinta. Tattasaina ya fi tumatir jin sa, ya makara kafin ya saki jiki bayan dashe.

Ban ruwan bedi ma dole ka rage, domin guntayen ba sa sha kamar da. Ka sa yatsa cikin ƙasar tukuna. Kuma maganin jinkiri kawai ya saya mini har aka gyara injin. Da ruwan ya ƙara makara, guntayen ma da sun bi sahun dogayen.