Yadda na rubuta hasashen bazara na gaɓar Tekun Arewa

A ƙarshen watan Fabrairu aka ba ni aikin rubuta shafi biyu a kan yadda yanayi zai kasance daga Maris zuwa Mayu a gaɓar arewa maso gabashin Sikotlan, yankin Abadin da garuruwan masunta da ke arewa da shi. Waɗanda za su karanta ba masana ba ne. Masu ƙananan jiragen kamun kifi ne, da masu kiwon tumaki, da manoman sha'ir da dankali. Kowannensu da abin da yake son ji: masunci iska da hazo ne damuwarsa, makiyayi yana tsoron sanyi da ruwa a watan Afrilu lokacin da tumaki ke haihuwa, manomi kuwa so yake ya san yaushe ƙasa za ta tsane ya shiga da injin shuka.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, wato lissafin manyan kwamfutoci. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, takan maimaita lissafin watanni masu zuwa har sau 51, kowane karo da ɗan sauyi kaɗan a mafarin, sannan a duba inda mafi yawansu suka karkata. Dalilin haka sananne ne tun 1963, lokacin da masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna cewa ƙaramin bambanci a farkon lissafi yakan girma har ya ɓata sakamakon gaba ɗaya. Shi ya sa babu mai iya faɗa maka ko za a yi ruwa a wata rana idan ta wuce kamar mako biyu nan gaba. Abin da hasashen watanni uku ke bayarwa yiwuwa ce kawai. Ana ɗaukar shekarun 1991 zuwa 2020 a matsayin ma'auni, a kasa su gida uku: masu sanyi, matsakaita, da masu ɗumi. Idan ba a san komai ba, kowane gida yana da kashi 33 cikin ɗari. Idan lissafi ya ɗaga gidan ɗumi zuwa, a ce misali, kashi 45, to har yanzu fiye da rabin yiwuwar tana sauran gidaje biyun.

Taswirar da na samu ta karkata ga ɗumi. Amma da na zauna da bayanan tashoshin gaɓa na shekarun baya, sai na ga wannan kalma ta ɗumi ba ta da amfani sosai ga wanda ke tsaye a bakin ruwa. Teku ce ke da iko a wurin. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa, kamar yadda randa ke riƙe sanyin dare har rana ta take. Tekun Arewa ba ta kai ƙarshen sanyinta sai ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, inda takan sauka wajen digiri 6, ba ta kuma kai ƙololuwar ɗuminta sai Agusta. A daidai wannan lokaci rana tana ƙaruwa da sauri: a Abadin hasken yini bai cika awa 11 ba a farkon Maris, amma kafin Mayu ya ƙare ya haura awa 17. Ƙasa tana ɗumama, teku tana nan da sanyin hunturu. Kusan duk abin da ke faruwa a gaɓa a waɗannan watanni daga wannan saɓani yake fitowa.

Hazon teku, wanda mutanen yankin ke kira haar, shi ne babban misali, kuma shi ya fi cin lokacina. Iska mai ɗumi da laima takan ratsa saman ruwa mai sanyi, ƙasanta ya huce, laimar ta dunƙule ta zama hazo, sai iskar gabas ta turo shi bakin gaɓa. Yakan fara yawaita daga Afrilu. A rana guda za ka tarar tashar jiragen ruwa ta lulluɓe, mutum na rawar ɗari, alhali tafiyar mintuna kaɗan cikin ƙasa rana na haskawa tarwai. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, ranakun da aka fi yi wa albishir da kyawun yanayi su ne suka fi kawo shi, domin zafin tudu ne ke jawo iskar teku da rana. Matsakaicin lissafi na watanni uku yana haɗiye wannan duka, ba ya nuna komai.

Daga nan na koma kan alkiblar iska, wadda a ganina ita ce zuciyar aikin. Akwai yankin ƙarancin nauyin iska kusa da Aisilan, da na yawansa kusa da tsibiran Azores da ke can kudu a Tekun Atilantika. Idan bambancinsu ya yi ƙarfi, iskar yamma ce ke busowa daga Atilantika, ta zubar da yawancin ruwanta a duwatsun yamma, ta iso gabas da ɗan ɗumi da bushewa. Idan kuwa iska mai nauyi ta kafe a kan Norwe da maƙwabtanta, hanya ta toshe, sai iska ta juyo daga gabas ko arewa. Haka aka yi a Maris na 2013, wanda ya zama Maris mafi sanyi a Birtaniya tun 1962. A Fabrairun 2018 ma, iskar can ƙololuwar sama a kan doron arewa ta yi ɗumi farat ɗaya, bayan kamar mako biyu kuma sanyi da dusar ƙanƙara suka afko daga gabas har cikin farkon Maris. Ba kowane irin wannan ɗumamar sama ce ke jawo sanyi a ƙasa ba, amma duk mai rubuta hasashe a ƙarshen Fabrairu dole ya duba ta kafin ya ɗora alƙalami.

Ga makiyaya da manoma na ware sakin layi guda a kan raɓa mai daskarewa. Afrilun 2021 ya koya wa kowa darasi: rana ta wadata, ruwa ya yi ƙaranci, amma sararin sama da babu gajimare yana sakin zafi da dare, har ya zama Afrilun da aka fi samun dararen daskarewa a cikin aƙalla shekara 60. Sai Mayu ya biyo baya da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A nan bakin teku yana da ɗan rangwame, domin ruwan da ke hana shi ɗumi da rana shi ne ke kare shi daga daskarewa da dare. Kwaruruka na cikin ƙasa su ke shan wuya.

Da na zo rubutu, ban sa taswira mai launi a sama ba, don na lura mutane na ganin ja, launin ɗumi, su ɗauka alkawari ne. Na buɗe da abin da na fi amincewa da shi, wato sanyin teku, tunda an riga an auna shi kuma ba ya sauyawa dare ɗaya. Sannan na shimfiɗa hanyoyi biyu, ta iskar yamma da ta gabas, na faɗi wadda ta ɗan fi rinjaye, na kuma bayyana abin da kowace ke nufi ga jirgi da garke da gona. Maris na yi masa bayani da ɗan ƙarfin gwiwa, Mayu kuwa na taƙaita shi, domin hujjar da ke hannu ba ta kai a tsawaita ba. Wani dattijon masunci ya roƙi a riƙa rubuta ƙarfin iska da ma'aunin Beaufort, wanda da shi suka saba, inda 8 ke nufin guguwar da ƙaramin jirgi ba ya fita a cikinta. Na bi shawararsa, na kuma rubuta a ƙasan shafi na biyu cewa za a sabunta bayanin a farkon kowane wata, kuma maganar fita teku ko shiga gona a bar wa hasashen kwana biyar.