Bayan Kati Nake Fara Dubawa

Shagona ƙarami ne, a Bronx ta birnin New York, tsofaffin katunan 'yan wasan besbol nake saye da sayarwa. In na faɗa wa 'yan'uwa a gida sai su bushe da dariya, wai takarda? Takardar dai. Katin Mickey Mantle da kamfanin Topps ya buga a 1952 an sayar da guda dala miliyan 12.6 a 2022. Ni ban kai nan ba, ɗan tireda ne a wannan kasuwa.

Yawancin hajata daga hannun magada take fitowa. Tsoho ya rasu, 'ya'ya su shigo da kwalin takalmi maƙil da katuna. Kafin in ce uffan sai na juya kati, yadda babana ke juya atamfa a Kantin Kwari kafin ya taya. Katunan T206, waɗanda aka riƙa cusawa a kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911, su suka koya mini haka. Hoto ɗaya ne a gaba, amma tallar tabar da ke baya daban-daban ce. Masu tallar tabar Piedmont da Sweet Caporal sun cika kasuwa. In ka ga Drum ko Uzit, gyara zama. Gaban ma ba a barinsa. Ty Cobb zane huɗu gare shi, biyu riƙe da sanda, biyu fuska zalla, ɗaya kan ja, ɗaya kan kore, kuma koren ya fi wuyar samu. Sherry Magee kuwa an fara buga sunansa "Magie" kafin a gyara, harafi guda ya ninninka kuɗin katin.

Na taɓa shan ƙasa. Shekarata ta farko na sayar da Mantle na 1969 a kuɗin da aka saba, ban lura an buga sunan da fari ba maimakon rawaya. Mutumin ko ragi bai nema ba, ya biya ya fice yana sauri. Sai da dare na gane.

Yanzu madubin ƙara girma da ma'auni ba sa barin teburina, don akwai masu aske gefen kati ya yi kamar sabo. Wanda na yarda da shi in aika PSA, kamfanin tantance katuna, su ba shi maki daga 1 zuwa 10. Guda bakwai nake jira su dawo tun watan jiya, ciki har da Cobb mai ja.