Iƙama a Alƙahira: takarda na jiran takarda

Duk ɗalibin da ya zauna a Alƙahira ya san wahalar karatu daban, ta iƙama daban. Biza ce ke shigo da kai Masar, amma iƙama ce ke ba ka damar zama, kuma ta ɗalibi ba ta wuce shekara. Da ta ƙare sai sabon lale.

Abin da ake nema a baki ba shi da yawa: fasfo da kwafinsa, hotuna, takardar makaranta mai shaida kai ɗalibi ne a bana, yarjejeniyar hayar gida mai hatimin hukuma, sai rasidin kuɗi. Inda gizo ke saƙar shi ne, kowace takarda da nata wa'adin, kuma ba sa jiran juna.

Ni fasfona ne ya kusa ƙarewa, ma'aikacin taga a ofishin iƙama ya turo mini shi ya ce in sabunta tukuna. Kafin sabo ya fito, takardar makarantar ta tsufa, ga shi lambar tsohon fasfo ce a jikinta. Na koma makaranta, suka ce sai sakamakon jarrabawa ya fito. Da ya fito kuma, sai haya ta ƙare, mai gidanmu ya ƙi zuwa a buga wa sabuwar yarjejeniya hatimi, don tsoron haraji. "Ɗana, ai ni da kai ba sai da takarda ba," in ji shi. Na ce, "Alhaji, ba ni ke nema ba, hukuma ce." Sai da na yarda da ƙarin kuɗin haya kafin ya sa takalmi.

Lokacin ma bai taimaka ba. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kwararo da jama'a Masar, layi ya ninka. A watan Agusta kuma gwamnati ta ce sai ka canza dala a banki ka kawo rasidi kafin a karɓi kuɗin iƙama, wanda ke zaune ba takarda kuwa sai ya biya dala 1000 a daidaita masa zama. Da asuba za ka tarar wani dattijo riƙe da 'yar takarda yana rubuta sunayen masu layi, ba wanda ya naɗa shi, amma kowa na bin lambarsa. Wata rana kana isa taga a ce tsarin kwamfuta ya tsaya, a dawo gobe. In Alhamis ce, gobenka sai bayan hutun ƙarshen mako.

Ban ga mugunta a wurin yawancin ma'aikatan ba, gaskiya. Kowa tagarsa kawai ya sani, ba mai gaya maka tafiyar daga farko zuwa ƙarshe. Wani babban ɗalibi ɗan Zinder ne ya tsara mini ita: fara da mai jinkirin fitowa, wato fasfo, sannan haya, takardar makaranta a ƙarshe, kana karɓa ka wuce ka miƙa. Kwafi kuwa ka yi na komai bibbiyu, har bayan shafi. Rasidin da ke nuna ka miƙa takardunka kada ya bar aljihunka, shi za ka nuna in an tsayar da kai a hanya. Dillalan bakin ƙofa masu cewa ka kawo fasfo su gama maka a kwana biyu, na gan su, ban ba su ba. Yanzu iƙamata na da sauran wata uku nake fara kiran Alhaji.