Goge faifan tsohuwar kwamfuta kafin a ɗora mata sabon tsari

Kwamfutar tebur ce ta hannu, na sayo ta a kasuwar Sawarikh da ke Jidda, faifanta irin mai juyawa ne, gigabait 500. Mai sayarwa ya ce an yi mata fomat. Da na sa PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, ba a yi minti goma ba sai ga hotunan iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) da fasfon tsohon mai ita. Fomat na gaggawa jadawalin fayiloli kawai yake sharewa, kayan suna nan kwance sai an rubuta wani abu a kansu.

Na tayar da ita daga filashi mai tsarin Ubuntu, tunda ba a goge faifan da tsarin yake gudana a kansa. Na buga lsblk, umarnin da ke jero faifan da ke jikin kwamfuta. Faifan ya fito da sunan sda, girmansa 465.8G, haka mai 500 yake nunawa. Filashina kuma sdb. Nan ake asara, domin harafi ɗaya ka kuskure, ka goge abin da ba shi ka nufa ba, kuma ba mai tambayarka ko ka tabbata. Sai na buga:

sudo dd if=/dev/zero of=/dev/sda bs=4M status=progress

Sifiri yake rubutawa daga farko har ƙarshe. Ya fara da megabait ɗari da 'yan kai a daƙiƙa, wajen ƙarshe ya yi sanyi saboda da'irorin ciki sun fi gajarta. Ya ci kusan awa ɗaya da rabi. Da ya gama ya yi ƙorafin babu sauran wuri. Wannan ba matsala ba ce, alamar ya kai bango ce. Zagaye ɗaya ya isa. Zagaye 35 na masanin tsaron kwamfuta Peter Gutmann da wasu ke nacewa a kai, tun 1996 aka tsara shi, don faifan wancan zamani.

Zafin Jidda kuwa ba wasa. Na bar iyakwandishan a kunne, ina leƙa zafin faifan da smartctl, manhajar duba lafiyar faifai. Ita ce kuma ke nuna sassan da suka lalace faifan ya killace su, waɗanda dd ba ya kaiwa. In sun yi yawa, gara a huda faifan a sayi wani.

SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, ba haka ake yi mata ba, domin tana warwatsa rubutu, tana kuma da ɓoyayyen wurin ajiya. In mai mahaɗin SATA ce, umarnin gogewarta na ciki ake tayarwa da manhajar hdparm. In ta nuna a daskare take, sa kwamfutar barci ka tashe ta, galibi tana saki.

Na sake sa PhotoRec, ko fayil ɗaya bai fito ba. Sannan na yi sabon jadawalin rabon faifai irin GPT na ɗora tsarin.