Ranar da na soka allura a jijiya

Har yau idan na tuna ihun matar nan sai jikina ya yi sanyi. An turo ta ɗakin sikanin da wani ƙullutu a damtse, ta ciki, sama kaɗan da gwiwar hannu, bai wuce santimita 2 ba. Na aza kan na'ura a gicciye, na ga abu baƙi zagayayye, bayansa na haske. Nan take na yanke cewa jakar ruwa ce. Na ce, "Mama, bari in zuƙe ruwan ki huta."

Tsinin allura na shiga ta zabura, ta ce, "Wayyo likita, yatsana!" Zafin ya tsarga har ƙaramin yatsa kamar wutar lantarki ta ja ta. Ko ɗigon ruwa bai fito ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ta faɗa mini tun farko cewa idan wurin ya bugu yatsunta kan yi tsir-tsir. Na ji da kunnena, amma hoto ya riga ya rufe mini ido. Wannan ita ce alamar Tinel, mai nuna cewa abin ya shafi jijiya, ƙwanƙwasa wurin da yatsa kawai ya isa ya nuna ta.

Da na juya na'urar a tsaye, sai ga jijiyar ulna, wadda ke kai ji zuwa ƙaramin yatsa, ta shiga ƙullutun ta sama ta fita ta ƙasa kamar wutsiya. Na kunna Dofla, tsarin na'urar da ke nuna gudun jini, ga jini na gudana a ciki, abin da jakar ruwa ba ta yi. Shuwanoma ce, ƙarin da ke tsirowa daga rigar da ta lulluɓe jijiya. Ba daji ba ne, amma a sikanin yakan kwaikwayi jakar ruwa, har da hasken bayan nan da ya yaudare ni. Hoton MRI ya nuna shi manne a gefen jijiyar, siririn kitse ya kewaye shi. Likitan tiyata ya ɓare shi ya bar jijiyar, gwajin nama ya tabbatar.

Ta yi makonni yatsan na mata dindiris saboda allurata. Yanzu duk ƙullutun da ke kan hanyar jijiya sai na ƙwanƙwasa shi, na bi samansa da ƙasansa a tsaye, kafin in taɓa allura. Da ta dawo na ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai ɗana, ai ba da gangan ka yi ba." Kasa ɗaga ido na yi.