Ranar da birki ya yi ƙauri a gangaren Galibier

Yayana ya shekara ashirin yana jan tirela, Hawan Kibo kuwa ya san shi kamar tafin hannunsa. Da ya kawo mini ziyara Grenoble, inda nake karatu a Faransa, sai na ce bari in kai shi tsaunukan Alps ya ga hawan da ya amsa sunansa. Na ɗauki hayar 'yar ƙaramar mota. Sunana kaɗai ke kan takarda, don haka sitiyari nawa ne, shi nasa ido da baki.

Ƙarshen watan Yuni ne, ba a daɗe da buɗe hanyar ba, domin dusar ƙanƙara kan toshe ta duk tsawon hunturu. Daga Saint-Michel-de-Maurienne muka kama hawa: kilomita 12 na kwana bayan kwana cikin kurmi har ƙolin Télégraphe, mita 1,566, sai 'yar gangara zuwa ƙauyen Valloire, sannan uban aikin, wajen kilomita 18 zuwa ƙolin Galibier.

Masu keke ne suka ba ni mamaki. Kamar an yi musu gayya! Samari, mata, har da dattawa masu furfura, kowa ya duƙa kan kekensa yana haki. Dokar ƙasar ta ce a bayan gari sai ka ba mai keke tazarar mita ɗaya da rabi kafin ka wuce shi. To hanya ƙunci, gaba kwana, ba ka ganin mai zuwa. Haka na yi ta bin wani tsoho a giya ta ɗaya, ina kallon gumi na ɗiga daga haɓarsa, har haƙurina ya ƙare na kai hannu zan danna oda. Yaya ya dafe hannun.

"Bar shi, ƙanena. Kai inji ke jan ka, shi kuwa ƙirjinsa ne injin."

A kowane kilomita akwai ɗan farin dutse mai rawayar hula, an rubuta nisan da ya rage da tsananin hawan da ke gaba. Don masu keke aka yi, amma Yaya ya mai da shi karatunsa: "Kashi 9 cikin ɗari. Lallai."

Can sama bishiyoyi suka ƙare, sai duwatsu da ragowar ƙanƙara a bakin titi. Akwai rami da aka huda a ƙarƙashin ƙolin, wanda keke ba ya shiga. Muka bar shi muka bi hanyar da ta haura ta kan ƙolin har mita 2,642. Tun 1911 gasar tseren keke ta Tour de France ke ratsa Galibier, shi ya sa ake layi a gaban allon da ke ɗauke da sunan ƙolin don ɗaukar hoto, wasu suna ɗaga kekunansu sama. Ni da na baro gari da riga mai gajeren hannu, na gane kurena. Da muka yi alwala da ruwan gora, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa.

A zatona an gama mai wuyar. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Na kama gangara zuwa Lautaret a giya ta huɗu, ƙafata kwance kan birki. Ba mu yi nisa ba wani ƙauri ya cika motar, kamar an ƙona roba, birkin kuma ya fara laushi a ƙarƙashin ƙafata. A gefe babu komai sai kwazazzabo.

"Dawo giya ta biyu! Bar inji ya riƙe ta. Taka da ƙarfi kafin kwana, ka saki."

Motar ta yi gurnani, ta nutsu. Ga kuma masu keken nan da na raina ɗazu, suna fyallowa ta hagu kamar kibiya. Daga nan ban sake shiga kwana ba sai na duba madubi.

A Lautaret muka tsaya. Na ɗauko gora zan watsa wa tayar ruwa, Yaya ya ƙwace: ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi karkacewa yake yi. Rabin awa muka zauna muna cin burodi da cuku, yana ba ni labarin tirelolin da ya gani kwance a gindin Hawan Kibo, yawancinsu birki ne ya kai su.

Muka kwana a Briançon. Da asuba na cika tanki, don gidan mai wuya yake a can sama, na saka rigar sanyi a jaka, muka nufi wani hawan kuma, Izoard, mita 2,360, tun hadarin yamma bai haɗu ba. Bayan ƙolin akwai Casse Déserte, fako na tsakuwa da tsinin duwatsu jajaye, ko ciyawar kirki babu. Na sauko a giya ta biyu, a bayan wasu masu keke uku, ban nemi wuce kowa ba. Da na juya in tambayi Yaya yadda ya ga tuƙin, sai na tarar ya jingina kai da gilas yana minshari.