Ranar da Ma'aji Ya Zo Karɓar Makullin Akwatin Baiko

Ina cikin shekarata ta 4 da riƙe ikkilisiya lokacin da abin ya faru. Ikkilisiyar ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma Allah ya sa jama'a suna ƙaunata. Ni ke wa'azi, ni ke gaida marasa lafiya, ni ke sasanta miji da mata, har waƙar da mawaƙa za su rera ranar Lahadi sai ta bi ta hannuna. Makullin akwatin baiko ma yana aljihuna, a zobe ɗaya da makullin gidana. Ban ƙwace shi daga hannun kowa ba. Wata tafiya ce ta kama ma'aji ya bar mini ajiya, da ya dawo ban mayar ba, shi kuma kunya ta hana shi tambaya. Haka makullin ya zauna a wurina kusan shekara 2.

Wani dare wata gwauruwa ta buga mana ƙofa, ɗanta a goye, jikinsa kamar wuta. Asibiti take so ta kai shi, ba ta da ko na mota. Na ɗauki fitila na shiga majami'a, na buɗe akwatin, na ɗebo abin da zai ishe ta na ba ta. Yaron ya warke, kuma har yau ban yi da-na-sanin taimakonta ba. Sai dai ban rubuta a ko'ina ba. Na ce gobe zan faɗa wa dattawa, goben ta zo da nata hidindimu, na manta. Daga nan abin ya zame mini jiki. Wannan ya zo da kuɗin makaranta, wancan da bashin magani, ni kuwa in buɗe in bayar, zuciyata fes.

Ƙarshen shekara ya zo, lissafi ya ƙi haɗuwa.

Ma'ajinmu dattijo ne, a shekaru ya isa ya haife ni. Ya same ni a ofis da littafin kuɗi a hammata, ya zauna, muka gaisa a tsanake, sannan ya ce, "Fasto, akwai giɓi a littafin nan, na rasa yadda zan cike shi. Kuma ina roƙo a dawo da makullin inda ya saba zama." Nan take raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ashe har an kai matsayin da ake yi mini kallon ɓarawo?" Ya yi shiru, ya shafa littafin da tafin hannunsa, ya ce, "Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ni na san ba ka ci ba. Amma in Allah ya kira ka yau da dare, wa zai tsaya gaban jama'a ya ce ga inda kuɗinsu ya shiga?" Ban ba shi amsa ba, makullin ma ban ba shi ba.

Abin da na yi ranar Lahadin da ta biyo baya shi ya fi yi mini nauyi har yanzu. Na hau bagade na buɗe Littafin Ƙidaya sura 16, labarin Kora da Datan da Abiram, waɗanda suka tayar wa Musa, ƙasa ta buɗe ta haɗiye su. Na yi ta jan kunne kan masu ja da bawan Allah. Ban kama sunan kowa ba, amma ba wanda bai gane inda maganar ta dosa ba. Dattijon nan yana zaune a benci na biyu, kansa a sunkuye, Littafinsa a rufe bisa cinya. Jama'a suna ta cewa amin, ni kuma ina jin kamar na ci yaƙi.

Da dare matata ta jira yara suka yi barci, sannan ta ce, "Baban yara, yau fa ramuwa ka yi da bakin Allah. Mutumin nan ba shi da bagaden da zai hau ya kāre kansa." Na so in yi gardama, na rasa ta inda zan fara. Na kwana idona biyu.

A cikin makon nan na koma kan 2 Korintiyawa sura 8, wurin da na sha karantawa ina wucewa. Bulus yana tara gudummawa domin tsarkakan da ke Urushalima. Manzo ne, ya sha duka da ɗauri saboda bishara, in akwai wanda ya cancanci a ba shi jakar kuɗi ba tare da tambaya ba, shi ne. Duk da haka ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, ya kuma faɗi dalili a aya ta 20 da 21: kada wani ya sami abin zargi game da wannan kyauta, domin suna so su yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji, a gaban mutane kuma. Wannan "a gaban mutane" ɗin ne ya kama ni. Ni na ɗauka tunda Allah ya san zuciyata, magana ta ƙare. Bulus kuwa da kansa ya nemi idon da zai riƙa duba shi, tun kafin kowa ya tambaya.

Na je gidan dattijon, na durƙusa na ba shi haƙuri, na cire makullin daga zoben na sa masa a hannu. Ranar Lahadi kuma na tsaya a wurin da na yi masa laifin, na faɗa wa jama'a cewa wa'azin makon jiya daga fushina ya fito, na kuma lissafa musu duk abin da na iya tunawa na kuɗin da na bayar. Wasu sun ce na zubar da girmana. Iyali guda ma sun daina zuwa, kuma ban ga laifinsu ba, domin amana in ta tsage ba ta ɗinkuwa a rana ɗaya.

Daga nan muka kafa tsari. Mutum biyu ke ƙirga baiko da zarar an tashi sujada, su rubuta, su sa hannu. Ba a fitar da kuɗi da sa hannun mutum ɗaya. Taimakon mabukata kuma ya sami asusunsa daban da mutum uku masu kula da shi, waɗanda za a iya tasa ko da tsakar dare ne. Da farko na ji tsoron tsarin zai kashe tausayi. Sai ga shi mutum ukun nan sun san gidajen da ake kwana da damuwa waɗanda ni ban taɓa sani ba, domin ni masu ƙarfin halin buga mini ƙofa kaɗai nake gani. Abin da ya faru ke nan a Ayyukan Manzanni sura 6: da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabo, manzanni suka ce jama'a su zaɓi mutum 7, Istifanas da Filibus a cikinsu, su kuma suka koma ga addu'a da hidimar Maganar.

Sakin makulli ya fi sakin bagade sauƙi, wannan kam gaskiya ce. Akwai wani matashi a cikinmu mai baiwar koyarwa. Ranar da na fara ba shi wa'azi, na ga yadda mutane suka kewaye shi a bakin ƙofa suna yaba masa, sai na ji wani abu ya soke ni a ƙirji. Kishi ne, ba shi da wani suna. Na yi wata biyu ina neman dalilin da zai sa kada in sake ba shi. Yahaya ya ambaci wani Diyotarifis a wasiƙarsa ta uku, mutumin da yake son zama na gaba har yana korar 'yan'uwa daga ikkilisiya, kuma na ga ƙafata ta hau hanyarsa. Na faɗa wa wani fasto da ya girme ni, wanda tun daga lokacin nake zuwa wurinsa duk wata yana yi mini tambayoyin da ba wanda zai iya yi mini a ikkilisiyata. Ya tuna mini da Yetro a Fitowa sura 18, yadda ya tarar da surukinsa Musa zaune yana shari'a tun safe har yamma, ya ce masa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Ya ce, "Ɗana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron nan amsar addu'arka ce." Na sa matashin a jerin masu wa'azi, sau ɗaya a wata.

Shi wannan faston ne ya ba ni labarin abin da mai wa'azin bishara Billy Graham da abokan aikinsa Cliff Barrows da George Beverly Shea da Grady Wilson suka yi a garin Modesto na Kalifoniya, a Amurka, a 1948. Sun zauna suka lissafa abubuwan da suka kayar da masu bishara a gabansu, suka ɗaure kansu a kan huɗu: riƙon kuɗi a fili, nisantar keɓewa da macen da ba matarsu ba, barin sukar ikkilisiyoyin garin da suka je, da faɗin gaskiya game da yawan masu zuwa taronsu. Na huɗun nan ya taɓa ni, domin na sha ƙara wa adadin masu sujada gishiri in ina ba da rahoto. Na daina. Ba da shawara kuma, tun daga lokacin ƙofar ofis a buɗe nake barinta, in matar aure ce ko budurwa sai matata ko wata dattijuwa tana kusa.

Gidana ne wurin da na fi jinkirin gyarawa. Na san 1 Timoti sura 3 da ka, inda aka ce wanda bai iya kula da gidansa ba ta yaya zai kula da ikkilisiyar Allah, amma sai da 'yata ta tambayi mahaifiyarta ko ita ma sai ta yi rashin lafiya kafin in zauna kusa da ita, sannan ayar ta shige ni. Na roƙi dattawa rana ɗaya a mako wadda ba taro, ba ofis, sai in mutuwa aka yi ko wani na bakin rai. Suka amince ba musu, har ma'ajin ya ce tun da daɗewa suke so su faɗa mini haka, ba su ga fuska ba.

Dattijon ya tsufa yanzu, ya miƙa littafin ga wani. Lahadin da ta wuce, bayan an sa albarka, na hango shi zaune a bencinsa na biyu, sandarsa a jingine, yana kallon matasa biyu suna ƙirga baiko a kan tebur. Na je na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya tambayi lafiyar yara. 'Yata tana jirana a bakin ƙofa, na yi masa sallama muka kama hanyar gida.